Rakiyar Bitrus Ganin Yayarsa

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A bakin gulbi tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, a rumfar kifi tambaya. Arzika yaya hanya, yaya mutanen can, wai da gaske ne abin da aka ce ka yi? Bakina ya gaji. Ban yi boko ba, shi ya sa na zaunar da surukina Malam Nasiru na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya yi mini ado. Daga yau mai tambaya ya karanta, ko ya nemi mai karanta masa.

Ni mutumin Argungu ne. Da can masunci ne, yanzu kifin banda nake kaiwa kasuwar Birnin Kebbi. Jirgi ya taɓa kifewa da mu a gulbi, na fita, ƙanena bai fita ba. Mutanen daji sun taɓa tare motarmu, na yi zaman da na yi a hannunsu, na dawo da karyayyen haƙarƙari. Wanda ya sayar da mu, a tasha ya ji ranar da za mu tashi. Tun daga nan nake da doka guda: ba na faɗa wa kowa ranar tafiyata. Matata Kulu ma sai ta ga babu takalmina a ƙofa take sani.

Bitrus abokina ne. Kirista ne daga wani ƙauye bayan Akwanga. Ya zo ƙasar nan yana saurayi, lebura a kamfanin da ke zuba kwalta tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Kamfani ya naɗe kayansa ya tafi, shi ya tsaya, ya koma kafinta yana yi mana facin jirage. Ranar da aka fito da gawar ƙanena shi ya riƙe ni. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Matarsa ta rasu. Ɗansa direban tanka ne, kullum yana hanya, ba shi da gida sai waya. Bitrus yana zaune a ɗakin baya na wani gida a unguwar Gesse cikin Birnin Kebbi, maƙwabciyarsa Maman Grace ke ba shi abinci.

Idonsa na hagu ya mutu tuni. Na dama kuma likita ya ce ba abin da za a yi, tafiya yake. In rana ta take, yakan ga fuska idan an kawo ta kusa. Wata ranar kasuwa na biya gaishe shi, ya ce:

"Arzika, ina son in ga Yaya Saratu tun da sauran haske. Ita tag goye ni. Na hwaɗa mata ta waya idona na tahiya, tay yi ta kuka. Murya ina da ita cikin waya. Huska nika so."

"Yaushe rabonka da ita?"

"Tun ana shiga mota a miƙe ƙahwa."

"Zan kai ka."

"Yaushe?"

"Ka gani."

Ranar da na zaɓa, na ɗaure kwalin tarwaɗa mai kyau, tsarabar Saratu, na shiga motar farko daga Argungu. Wajen Ambursa manoma sun shanya shinkafa a kan kwalta, rabin hanya nasu, rabi na mota. Direba ya yi ta zagi. Ni ban ga laifinsu ba. Duk faɗin ƙasar nan ban ga inda ake amfani da kwalta yadda ya kamata kamar nan ba.

Na hau kabu-kabu zuwa Gesse. Na ce Bitrus ya tashi. Na karɓi wayarsa na kashe, na kashe tawa, na zuba su cikin aljihu. Muna fita sai ga Maman Grace da tsintsiya.

"Baba, ina za ku da jaka?"

Na ce, "Asibiti."

"Da kwalin kifi?"

"Likitan na son kihi."

Ba ta yarda ba, amma ba ta da abin kamawa.

Da muna yara, in mutum zai tafi Kurmi, can kudu, sai ya zaga gida-gida neman gafara, mata na kuka, a raka shi har bayan gari. Wanda ya dawo kuwa shekara ake yi ana zuwa kallonsa. Yanzu je ka tashar Birnin Kebbi da safe. Kamar an ce gari zai nutse. Kowa da jaka, kowa na sauri, kowa na waya yana cewa yana gida.

Motar da muka shiga an ƙera ta ne don iyali guda, aka zuba mata unguwa. Mutum biyu a kujerar gaba, wani kuma ya raba kujera da direba, in za a sa giya sai ya ɗaga gwiwa. Ɗan kamasho na ta ihu, "Saura mutum ɗaya!" Duk fasinjan da ya shigo, sai wani daga cikin na zaune ya tashi ya ce zai kama ruwa, ba ya dawowa. Ashe zaman haya suke yi don mota ta yi kamar ta cika. Har hantsi saura mutum ɗaya.

Kusa da ni wata Hajiya ce mai turare kamar an fasa kwalba. Bayanta wani tsoho mai kwat da tsohuwar jaka. Hajiya ta dube mu.

"Baba ina zuwa?"

"Jega," na ce. "Ke hwa?"

"Ni ma Jega."

Mai kwat ma Jega. Na gaba ma Jega. Muka iso Jega, warin albasa ya cika mota, direba ya rage gudu ya duba madubi. Ba wanda ya motsa. Ya yi tsaki ya taka. Daga nan kowa ya koma Koko. Muka wuce Koko, kowa ya koma Yauri. Na ji daɗi. Mota ce ta masu hankali.

Amma ciki ba ya riƙe magana in hanya ta yi tsawo. Hajiya Abuja za ta, sunan jikar wata mata da ba ta taɓa gani ba, a waya suka san juna, an ma yi anko. Mai kwat tsohon ma'aikaci ne mai karɓar fansho, an ce ya zo da kansa babban ofis a ga yana da rai. Ya ce bara ma ya je, sun gan shi, bana kuma suna shakka. Na gaba kuwa zai je Minna ne ya gaida wani da aka ba muƙami, ko Allah zai sa ya tuna sun yi firamare tare. Na duba motar nan kaf, mu kaɗai ke da dalili.

Bitrus ba ya ganin hanya, amma yana jin ta a ƙugu. In muka hau wuri mai santsi sai ya ce, "Wanga irin aikinmu na." In muka faɗa rami ya ce, "Wanga ba mu munka yi ba." Direba ya gaji.

"Baba, ku kun yi naku lokacin da mota ke gaida mota in sun haɗu. Yanzu dubi tirela. Ko ƙarhe anka shimhiɗa sai ya lotsa."

"Ba ni iya dubawa," in ji Bitrus. "Amma ƙuguna ya ce an ci rabin tsakuwar."

Na ga manyan alluna a bakin hanya da hotunan manya suna murmushi, an ce na kwangilar gyara ne. Allunan sun yi kyau. Ba rami ko ɗaya a jikinsu.

A Yauri muka tsaya salla da abinci. Na leƙa kogin Kwara. Ruwa ne, ba zan yi musu ƙarya ba, ya fi namu faɗi. Kifinsu kuwa girma ne kawai. Mai sayarwa ta ce in ɗanɗana, na ɗanɗana, ta ce yaya, na ce Allah ya ba da kasuwa.

Kun tambaye ni iyakar jiha. Babu ƙofa, babu ganuwa. Ramukanmu sun ƙare, na maƙwabta suka karɓa. Abin da ke nuna maka ka shiga wata ƙasa shi ne shinge. Akwai masu baƙin kaki, akwai masu kore, akwai masu riga mai ƙyalli, akwai waɗanda ba su da kaki sam, sai katako mai ƙusoshi da igiya. Duk sana'a ɗaya suke. Direba na miƙa hannu kamar zai gaisa, a ja katako. Mu ne muka ɓata lissafi, don kifin banda ba ya ɓuya.

"Baba, me ke cikin kwalin nan?"

"Kihi."

"Yana da takarda?"

"Ranka shi daɗe, bai yi makaranta ba. Kamar ni."

Bai yi dariya ba. Ya ce dole a gwada lafiyarsa. Ya zaɓi mafi girma ya kai gwaji bayan buhunan yashi. A shinge na gaba aka sake gwadawa. Ban taɓa sanin gwamnati ta damu da lafiyar Saratu haka ba.

Gaba kaɗan taya ta fashe a wani rami mai kama da rijiya. Kafin mu sauka ga mai faci tsaye a kanmu, rumfarsa a bakin ramin take. Ba shi kaɗai ba. Masu gyaɗa, masu rake, masu ruwan leda, mai shayi, har da mai gyaran waya. Gari guda ya tashi a kan ramin nan, don dole kowace mota ta rage gudu. Na tambayi mai faci ko ba a zo gyara ba.

"An zo," ya ce. "Muka roƙe su. Muna da iyali."

Muka shiga Kontagora rana ta yi ja. Direba ya kashe mota ya ce nan za a kwana, hanyar gaba in magariba ta yi tana da masu ita. Ba wanda ya yi musu. Motocin da suka fito daga kudu su ma nan suke tsayawa, tasha ta cika maƙil. Muka sami masauki a bayanta, ɗakuna jere, bangon langa-langa, in na kusa ya yi atishawa kai za ka ce alhamdu lillahi. Kuɗin cizon wurin sun ga matafiya iri-iri, ba sa tambayar addini.

Da asuba na idar da salla ke nan, sai wata tsohuwa a ɗakin kusa ta fara waƙa a maƙogwaro, ba kalma, sai amo, tana yi tana tari. Bitrus ya tashi zaune.

"Arzika, ji. Wagga waƙar garinmu ta. Yaya Saratu kan yi ta in tana niƙa. Kai ni in gaishe su."

"Kowace tsohuwa na waƙa."

"Mutanenmu na, wallahi."

"Shi na abin tsoro. Ka gaishe su, su ce ɗan wa, ka ce ɗan wane, su ce ina za ka, ka hwaɗi. Kahin mu kai Tegina daji duk ya sani."

Waƙar ba ta tsaya ba, Bitrus kuma ya fara laluben takalmi. Na daki bangon da tafin hannu har langa-langa ta yi ƙara. Aka yi shiru. Direba na ta hon, na ja shi muka fita ta baya.

Kowace safiya Bitrus yakan ɗaga hannunsa gaban fuska ya duba, ya gwada sauran ganinsa. Ran nan ya duba ya daɗe.

"Yatsun sun hwara haɗewa," ya ce.

"Rana ba ta hito ba tukuna."

Daga Kontagora motoci ba sa tafiya ɗaya-ɗaya, sai an taru. A nan ba wanda ya yi raha. Hajiya ta ciro carbi, mai kwat ya cire hula ya rungume jaka, Bitrus na motsa baki da tasa addu'ar. Na ga gonaki ba manoma, na ga ƙauye ba hayaƙi. Na san irin wannan shiru. Haƙarƙarina ya san shi. Sai da muka ga masu tallan mangwaro sannan Hajiya ta tuna ba ta karya ba.

Zungeru, Minna, Suleja. A Zuba muka rabu da su. Mai kwat ya ce mu yi masa addu'a a yarda yana da rai.

Abuja hanya ce a kan hanya, wata ta hau wata, ba rami, ba shinkafa a shanye, asarar wuri. An yi wa mutane gada ta sama don su tsallaka. Masu talla sun baza kaya a kanta, mutane kuma na gudu ta ƙasa tsakanin motoci, da kwat da takalmi mai tsini. A Mararaba muka shiga cunkoso. Mota ba ta tafiya, kasuwa ce ke wucewa ta taga. Matashin kai, agogo, ɗan kare, maganin basir, madubi mai tsawon mutum. Na tambayi na kusa da ni ko haɗari aka yi. Ya ce a'a, kullum haka ne, da safe su shiga, da yamma su fita, nan suke tsufa. Na ce to me ya sa ba za su zauna wuri guda ba? Ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

A Akwanga muka ci abinci wurin wata mata. Sakwara ce, ba laifi, tana zama a ciki. Amma kifin da ke kai na ƙanƙara ne, wanda ya mutu a wata ƙasa tun ban san yaushe ba, ya hau jirgi, ya hau mota, ya fi ni yawo. Na ture shi gefe. A ƙofar shagon akwai buhun shinkafa mai rubutun Turawa da hoton giwa. Matar ta ce 'yar waje ce, ba irin ta gida mai tsakuwa ba. Na ɗebo na murza na shinshina. Ta fadamarmu ce. Ta bar gida ba riga, an yi mata wanka a hanya, an ba ta sabon suna. Ban gaya wa matar ba. Kowa na tafiya don a daraja shi, har shinkafa.

Daga nan babur muka hau. Ƙasar duwatsu ce, hanya na hawa tana sauka. Muka tsallaka wani ruwa da bai kai gwiwa ba, mai babur ya ce babban koginsu ke nan. Mata na dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa, maza na zaune gindin mangwaro da ƙwarya. Gaisuwarsu gajera ce. Sannu, yawwa, an gama. Ni ina kan tambayar gida da gajiya da iyali da zafi, mutum ya riga ya sha kwana.

Bitrus ya gane gidansu da ƙafa. Ya ce akwai dutse a ƙofa, ga shi kuwa. Ya tsaya ya gyara riga, ya goge idon dama da bakin hannu. Ya ɗaga murya:

"Yaya! Yaya Saratu!"

Wata mata ta fito da goyo, hannunta duk gari. Hannatu ce, matar ɗan Saratu. Ta dube shi, ta dube ni, ta dubi kwalin da ya koma ba nauyi.

"Mama ba ta nan. Ta tafi Kebbi ita da Ladi, wurin ƙanenta mai ciwon ido. Ta ce sai ya gan ta kafin idon ya rufe."

Wata akuya ce ta fara amsa mata.

"Ni na ƙanen," in ji Bitrus.

Hannatu ta saki ihu ta dafe kai. Maƙwabta suka cika gida. Na ce mata, "Don mi ba ku buga waya kun hwaɗi ba?"

"Fasto ya ce kada a gaya wa kowa ranar tafiya. Hanya ba kyau."

Na ce, "Faston ga yana da hankali."

Ba wanda ya taya ni.

Su a tsakar gida suke binne manyansu, a shafe da siminti, yara na wasa a kai, ana shanya barkono. Bitrus ya lalubi kabarin ubansa ya zauna a bakinsa. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi. Ya miƙo hannu kawai. Na ciro wayarsa na kunna na ba shi. Ko numfashi ba ta yi ba ta fara ƙara. Maman Grace ce, muryarta har bayan gida.

"Baba! Wane asibiti ne wannan? Mun zaga asibitocin garin nan kaf! Ga Mama ta zo tun ɗazu tana kuka, ta ce an ɓoye mata gawa!"

Sai Ladi, 'yar Saratu, ta karɓa.

"Kawu, kuna gida? To ku zauna nan, ga mu nan juyowa, yanzu za mu tasha."

Bitrus ya ce, "A'a, ku zauna, mu muna zuwa."

"A'a Kawu, mu za mu zo."

Na ga abin da zai faru. Za mu yi ta wuce juna a hanyar nan har idon ya rufe, direbobi na godiya. Na fizge wayar.

"Ke Ladi, Arzika na. Kada wanda ya motsa. Matata na zuwa ta kwashe ku zuwa Argungu."

"To Baba. Dama Mama ta gaji. Mun sha wuya, a Kontagora muka kwana bayan tasha. Da asuba Mama na 'yar waƙarta, wani mugun tsoho ya daki bango kamar zai rushe shi. Tun daga nan gabanta ke faɗuwa."

Wayar a buɗe take, duk gidan sun ji. Bitrus ya juyo da fuskarsa wajen da nake.

"Arzika."

"Na ji."

Iyakar abin da muka ce ke nan a kan maganar, har yau.

Na kira Kulu na ce ta je Gesse ta ɗauko baƙi, ta ba su ɗaki, ta ɓoye musu takalma. Ta ce, "Kai kana ina?" Na ce Jega. Ta ce Allah ya shirye ni.

Mutanen gidan sun yi mana karamci, ba zan ɓoye ba. Suka kamo zakara suka miƙo mini wuƙa, suka ce in yanka da kaina don in iya ci. Ba su da buta, aka ba ni kofin shayi. Da na tambayi gabas gardama ta tashi, wani ya nuna dutse, wani ya nuna coci, wata tsohuwa ta nuna hanyar Akwanga don ta nan alhazai ke wucewa. Bitrus ne ya juya fuska ya ji inda rana ke faɗuwa, ya ce in ba ta baya. Aka kawo gwaten acca, ganye ya fi hatsi yawa. A gida da mara lafiya za a ba. Na sha, na ƙara. Aka kawo burkutu, aka tuna, aka mayar. Na ba Hannatu kwalin tsaraba. Ta buɗe ta sami kawuna da ƙamshi. Ta yi godiya kamar na kawo sa.

Shi kuwa Bitrus dariya suka yi ta yi masa. In ya ce munka zo, sai yara su faɗi ƙasa. Yarensu ya tsere masa, sai ya fara ya maƙale. Kawu Bahaushe suke kiransa. A Argungu shekara da shekaru ana ce masa Bitrus na Akwanga, ya zo Akwanga an ce na Kabi ne. Suka ce ya tsaya Lahadi a nuna shi a coci. Ya ɗaga hannu gaban fuska da safe, ya juya shi, ya sauke.

"Mu tahi," ya ce.

A tashar Akwanga ya rama. Ɗan kamasho bai ma tambaye shi ba, ya buɗe murya:

"Argungu za ni! Ni da wanga, Arzika mai kihi, gidanshi na bayan kasuwa! Yau za mu kwana Kontagora, gobe mu wuce! Kowa ya ji?"

Haka ya yi a Zuba. Haka ya yi a Minna. Ya gaya wa mai rake, ya gaya wa masu shinge, ya gaya wa wani da bai jin Hausa. Ni gumi kawai nake. Ba wanda ya tare mu. Wannan bai nuna dokata ba daidai ba ce. Duk wanda ya dube mu ya san ba za a biya ko kaza a kanmu ba.

Muka iso Argungu bayan la'asar, hadarin farko na shekara ya rufe gari. Saratu na zaune a tabarma ba takalmi, 'yar ƙaramar tsohuwa, Kulu ta cika ta da romon kifin ragon ruwa har ta fara kumatu. Ta ji muryarsa ta miƙe. Suka riƙe juna, ta yi ta magana da yarensu, yana amsawa da Hausa. Ya kai fuskarsa kusa da tata, ya matsa, ya ƙara matsawa. Ya girgiza kai.

"Duhu," ya ce. "Inuwa kawai."

Ladi ta kunna fitilar waya ta haska uwar. Ya ce ta kashe, farin abu kawai yake gani. Ya zauna. Ban iya cin tuwo ba ran nan. In da na bar shi ya buɗe ƙofa guda a Kontagora, da yatsunsa ba su gama haɗewa ba. Ba wanda ya faɗa. Kulu ce kawai ta ajiye mini kwano da ƙarfi.

Washegari aka tashi da gajimare. Na zauna a tsakar gida ina kallon sama kamar manomi. Hantsi ya yi, ba rana. Sai wajen azahar iska ta kore shi, rana ta fito irin tamu, mai fasa kai. Na ce Kulu ta kawo kujera ta ajiye tsakiyar fili, inda ba inuwa ko ta tsinke. Aka zaunar da Saratu.

"Wannan rana taku za ta kashe ni," ta ce.

"Yi haƙuri Yaya," in ji Kulu. "Ɗaga kai. Cire ɗankwalin."

Na kawo Bitrus na durƙusar da shi gabanta, rana a bayansa. Ya kama fuskarta da hannu biyu. Ya rufe mataccen idon, ya buɗe ɗayan iyakar buɗewa, ya kawo shi har hancinsu na taɓa juna. Ya fara daga goshi. Ya sauko a hankali. Gumi na zuba daga haɓarta, ba ta motsa ba. Ya daɗe har na fara jin haƙarƙarina.

Sai ya ce, "Yaya, yi dariya."

"Dariyar me, ina ƙonewa?"

Amma ta yi. Ya ja baya kaɗan.

"Ina haƙorinki na gaba?"

"Ya faɗi tun shekarar da ka ce kana zuwa Kirsimeti."

Ladi ta fashe da kuka, Kulu ta fashe da dariya. Bitrus bai saki fuskar ba, yana ta kallo, yana yin duka biyun.

Ni na fita. Ina da kifi a kan wuta.